Jan Kai

Labarin ya iske ni a shago bayan la'asar,
ina like wa wata tsohuwar rediyo hanji da dalma.
Jikana ya miƙo waya: “Kaka, mutumin nan naka ya rasu.”
Na ajiye ƙarfen, ya ci gaba da hayaƙi shi kaɗai.

Sunansa bai taɓa zama a harshenmu ba.
Mun juya shi a baki kamar ƙayar kifi, muka tofar,
muka ce masa Jan Kai.
A jaridar da aka naɗe mana tsire na fara ganinsa,
bakin tashar jirgi ta Ƙaura Namoda,
maiƙo ya cinye rabin fuska,
ya bar ƙafar hagu tana shirin bugu.
Hoton baƙi da fari ne.
Wani direban jirgi ya rantse mana gashin ja ne kamar manja,
muka yarda. Wa zai musa wa mai zuwa Ikko?

Mutumin Sikotland, ɗan mai haƙar kwal,
ƙasar da aka ce ruwanta ba ya jiran damina.

Ran Asabar Nomau kan hau soro da wayar eriya,
“Nan?” “A'a!” “Nan fa?” “Tsaya, kar ka yi numfashi!”
Labbo ke fassara, shi da ya bar makaranta a aji huɗu,
rabi ya ji, rabi ya ƙera,
har yau ban san ƙwallo nawa mutumin ya ci ba
da nawa Labbo ya ci masa.

Shekara sha bakwai riga ɗaya, lamba sha ɗaya.
An karya masa ƙauri, ya yi ɗingishi, ya dawo.
Ranar babban kofi aka ba shi fenariti,
rediyo ta ɗauke, sai shuuu kamar ruwa a kwano.
Da ta dawo, ba mu ke murna ba.
Nomau ya sauko bai ci tuwo ba.
Washegari ya rubuta sha ɗaya da gawayi a gadon bayansa,
muka fita fili bayan ma'ajiyar auduga,
ƙwallon tsumma, duwatsu biyu su ne raga,
ya buga fenaritin nan sau ashirin,
yana rama wa wanda bai san da shi ba.

Nomau na ƙasa shekara tara ke nan.
Labbo na Gusau, ido ya tafi, baki na nan.

Jikana ya karanta min sauran:
a ƙarshe ya manta komai,
ana nuna masa hotonsa, yana tambayar wane yaro ne.
Ka ji fa.
Mai kaya ya zubar a hanya,
ni da ban taɓa ganin gudunsa ba ina nan riƙe da su,
kamar rediyon da aka kawo gyara
mai ita bai dawo ba.

Gab da magariba ƙwallon yara ta gangaro cikin shago.
Na tashi, na mayar musu da hagu.
Gwiwa ta yi ƙara.
Ba ta kai rabin hanya ba,
ƙaramin cikinsu ya zo ya ɗauka, yana dariya.