Tarin da Aka Share

A Trieste, hawa na huɗu, ruwa na dukan taga,
Ottavio ya jera su uku kan tebur:
kaset mai warin ajiya, faifan DVD,
da sabon da jikarsa Nives ta sayo jiya.
Fim ɗaya ne, baƙi-da-fari.

A kaset, teku da sama sun dame kamar kunu,
sauti na shuuu, sai ka ce ana suyar albasa.
A DVD an datse gefe, rabin jirgin ruwa ya tafi.
Sabon kuwa, tar!
Har maɓallan rigar matuƙi ana ƙirgawa.
Nives ta tafa.

Tsoho bai tafa ba. Ya ce, mayar baya,
kasuwar kifi, minti na arba'in da ɗaya.
Ta mayar. Tsit.
Nan, in ji shi, wata mai tallar sardin ta yi tari
sau biyu, bayan kyamara.
Sun zaci datti ne, suka share.

Ya tura kaset cikin tsohuwar na'ura,
ya ƙara murya, ya runtse ido.
Can cikin shuuu ɗin,
uwarsa ta yi tari.