Alwatika a Kan Allo

Shekara ashirin da bakwai ina jan layi biyu a kan allo,
su haɗu a sama kamar jinkar ɗaki,
in ce wa yara, "Wannan shi ne tsauni."
Su kwafa a littafi. Ba wanda ya taɓa tambayata ko na gani.
Mu nan Sakkwato ido ba ya tuntuɓe,
daga gadar Rima sai ka hango har inda rana ke kwana.
Abin da ya fi komai tsawo a sanina
hayaƙin siminti ne a Kalambaina.

Sai ga Sidi, wanda na sha kora daga aji saboda gyangyaɗi,
ya tsaya ƙofar gidana a Mabera ranar da aka ba da hutu,
da wata tsohuwar mota mai tari kafin ta tashi.
Ya ce, "Malam, shigo in kai ka ka ga abin da kake zana muna."
Hajo ta ɗaure mana kilishi da dakuwa,
ta ce, "Mi za ku ɗauko can, dutse?"

Kwana uku muna cin kwalta.
Taya ta fashe bayan Gusau, ta sake fashewa kafin Gombe.
Na ƙirga shingen bincike har na rasa lissafi.
Daga Bali hanya ta fara tashi tsaye,
kunnena ya toshe kamar na nutse a rijiya,
Sidi yana lallashin giya ta ɗaya
kamar mai roƙon jaki ya tsallake kwari.

A Gashaka muka tarar da mutane, motoci jere,
ɗalibai da tutar makaranta, wasu Turawa biyu da jan wuya,
kowa ya ɗaga waya sama yana jiran tsauni ya fito.
Bai fito ba.
Girgije ya zauna a kansa kamar mai bin bashi.
Jagoranmu Hammanjoda ya ce, "Jiya da safe yana nan sarai."
Washegari ma haka ya faɗa wa waɗanda suka zo bayanmu.

Muka bi shi duk da haka, cikin ciyawa mai jiƙa wando,
muka ƙetare ruwa mai sanyin da ke cizon ƙashi.
Wani gwaggon biri ya sauko, bai ko gaishe ni ba,
ya fizge ƙunshin Hajo ya hau reshe,
yana ci yana kallona kamar sufeto.
Na hau, na huta, na hau, na riƙe kafaɗar Sidi,
yaron da na ce ba zai zama komai ba.
Bai tuna mini ba. Ni ma ban ce komai ba.

Yau Litinin. Fanka ba ta juyawa, an ɗauke wuta tun asuba.
Yara sittin da ɗaya suna fifita da bangon littafi.
Na ɗauki alli, hannuna ya tafi inda ya saba,
layi na farko ya hau, sai na tsaya.
Na kwantar da allin, na goga fari a tsakiyar allo,
na murje shi da tafin hannu har ya yi duhu-duhu.
Na ce, "Wannan girgije ne. Tsaunin yana bayansa."

Aji ya yi tsit.
Sai Inno, ɗiyar mai gyaran keke, daga layin baya,
ta ɗaga hannu: "To Malam, kai ka gane shi?"
Na ce, "Gwiwata ta gan shi. Har yanzu ba ta bar zancen ba."
Suka fashe da dariya, wasu suka rubuta.
Na jawo kujera na zauna, abin da ban saba yi ba,
takalmina har yau da jar lakar can a dunduniya.