Hangen Ɗiya

Ranar da aka kwantar da Malam Isiyaka
a asibitin Talatin da Bakwai,
Fulera ta kira daga ƙasar sanyi,
muryarta na ɗaukewa tana dawowa
kamar famfon Nima.
Ta yi Hausa, ta yi Hausa,
har kuka ya cinye mata Hausar,
sai Turanci ya ɓullo:
"Mma, hang in there."
Layi ya mutu.

Ni ban yi boko ba.
Turancina na bakin tukunya ne:
nawa, ƙara, babu canji.
Abin da kunnena ya tsinta shi ne
hangen ɗiya.
Na ce ai kuwa,
shekara tara ke nan ina hangen ɗiya
ta gilashin wayar da ya tsage biyu.

Mumuni jikana ya yi dariya har da riƙe ciki.
"Kaka, cewa ta yi ki rataye a can."
Subhanallahi!
In rataye a ina? Wanki ce ni?

Da safe Ticha Bukari ya zo sayen wake da shinkafa.
Na ƙara masa ƙwai, na ce biya ni da fassara.
Ya lashe yatsa, ya ce:
ana faɗa wa mai gudun da ƙafarsa ta fara rawa,
da ma'aikacin da wata ya ƙare albashi bai zo ba,
da mai naƙuda.
Ba a faɗa wa wanda ke cin nama.
Kuma babu alkawari a cikinta, Hajiya,
ba ta ce gobe za ta fi yau ba.
Wani ma don rowa yake faɗa,
ya ba ka ita don kada ya ba ka sidi goma.

Na ce, to ai haƙuri ke nan, ka wahalar da ni.
Ya ce, 'yan uwa ne, amma ba ɗaki ɗaya ba.
Haƙuri a zaune yake kan tabarma.
Wannan kuwa ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Na tafi da maganar a bakin zane.
A tiro-tiro daga Mamobi
yaron mota na lilo a ƙofa,
hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya cike da kuɗin mutane,
rabin jikinsa a titi,
yana kiran fasinja kamar ba shi ba.

A bakin asibiti na ɗaga kai.
Jemagu ne, dubu kan dubu, a itatuwa,
kai ƙasa, ƙafa sama,
rana na dukansu, motoci na yi musu ihu,
ba wanda ya saki reshe.
Sau nawa na wuce su ina toshe hanci?
Yau na tsaya har wani soja ya ce in matsa.

A ɗaki, ledar ruwa a rataye bisa kan Malam
tana ba shi ɗigo, ɗigo.
Na sunkuya na faɗa masa saƙon 'yarsa
da Turancina mai ɗingishi.
Bai buɗe ido ba.
Ya dai kama ɗan yatsana,
bai sake ba har aka kira Magariba.

Kwana goma sha ɗaya yau.
Ƙarfe uku na dare nake hura wuta,
in jefa karan dafi a tukunya, in jira ja ya fito.
Jiya Fulera ta sake kira, ta taso daga aikin dare,
ba ta da kuɗin jirgi, ba ta da hutu,
sai "Mma, Mma" kawai.
Na ce, Fulera, saurara:
hangen ɗiya.
Ta yi shiru, sannan ta yi dariya cikin majina.
Turanci ta ji.
Ban gyara mata ba,
waken ya fara tafasa.