Kuskuren Lawandi

A Ƙofar Ƙaura, rumfar Lawandi mai caji,
na ce ya zuba min waƙoƙin biki.
Ya zuba wani abu daban.

Da dare, an ɗauke wuta, na saka a kunne.
Ba kalangu, ba maroƙi,
ba a kira sunan uban kowa ba.
Sauti siriri, kamar indararo na ɗiga a bokiti,
ya tafi, ya dawo, ya tafi,
sai wani kauri ya taso daga ƙasa
ya zauna min a ƙirji.

Inna ta ari kunne ɗaya.
"Injin markaɗe ne?"
Amma ba ta cire ba.

Da safe Lawandi na ba ni haƙuri,
wai kiɗan kwamfuta ne.
Na ce, "Kuskuren nan,
yana da ƙanne?"