Kwandala a Hancin Bindiga

Shekara ashirin da uku tana rataye a ƙuguna,
na san nauyinta kamar yadda harshe ya san haƙori mai ciwo.
Sai ga takarda: Saje Tanimu Gwaram,
ka je Ikeja, za a sake koya maka harbi.
Na yi dariya har hulata ta karkace.
A bakin tekun Ikko za a koya wa kifi iyo?

Sufeto Abeke aka ba mu,
gajeruwa, muryarta ba ta tsallake layi biyu ba.
Ranar farko ko harsashi ɗaya ba mu gani ba.
Ta zazzage kwandaloli daga gwangwanin madara,
irin waɗanda ko mai ruwan leda ya daina karɓa,
ta ɗora wa kowa ɗaya a hancin bindiga.
"Ja kunama a hankali. In ta faɗi, ka kuskure."

Tawa ta faɗi.
Na ɗauka, ta sake faɗi.
Sau goma sha ɗaya tana kuka a kan siminti,
tana tona mini asirin shekarun
da na yi ina fizgar kunama
ina ɗora wa iska laifi.

Kofur Ilu ya raɗa mini, "Wasan yara ne, Saje."
Na ce haka ne.
Amma da dare a barikin Obalende,
da janaretan maƙwabci ya yi tari ya mutu,
na tashi na ari maburgin matata
na ɗora masa kwandala, ina gwada yatsa a duhu.

Mako na biyu ta ɗaure mana hannun dama.
Na uku ta sa mu hawa bene da buhun yashi,
mu sauko zuciya na dakan sakwara, sannan mu yi saiti.
Ta kunna mana Oshodi a lasifika:
ham ɗin danfo, ihun kwandasta,
mai wa'azi, mai maganin basir, jariri.
"Ba a wurin shiru ajali zai yi muku sallama ba."

Akwai abin da har yau ban saya ba.
Rufe ido ana lissafin numfashi,
ni dai barci yake sa ni, kuma na gaya mata.
Ta rubuta a littafinta, ba ta yi fushi ba.

Sai mutanen kwali masu leƙowa ta taga:
wani da wuƙa, wani da waya, wata da goyo.
Ilu ya huda mai waya a tsakar goshi,
ya juyo yana jiran tafi.
Ta ciro kwalin ta miƙa masa.
"Kai wa uwarsa."
Ranar babu wanda ya iya cin abinci.

Wata huɗu bayan nan, ƙarƙashin gada,
ruwa na zuba kamar an kwance bakin sama,
aka yi ihun ɓarawo.
Wani yaro ya ɓullo da gudu ya yo kaina,
hannunsa ya nutse cikin riga.
Tsohon yatsana ya san abin da ya saba.
Amma na ji ta,
kwandalar da babu ita,
zaune a hancin bindiga tana jiran in girgiza.

Ban girgiza ba.
Hannun ya fito da ɗan bututun asma,
ya kai baki yana shaƙa,
idanunsa a kan ramin da ke kallonsa.

Na mayar da ita kube.
Gwiwoyina ne suka yi rawar da yatsa ya ƙi.

An ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.
Ni na raina,
kuma gajeruwar ce ta hana ni takawa.
Kwandalar tana aljihun hagu, tare da goro.
Ilu ya tambaye ni jiya ko ina da wata.