Rabin Maki

An manna takardar a ƙofar ɗakin sanyi
da salatif huɗu, ɗaya ya saki.
Mista Amankwa ya karanta mana a tsaye,
da saurin limamin da hadari ya taso wa:
Farar riga, rufaffen takalmi, gashi a ɗaure.
Waya ta jira a waje.
Wanda ya wuce bakwai da rabi
ya gaida ƙofa ya koma gida.
Tebur talatin, daƙiƙa sittin-sittin,
ƙararrawa ta buga, a matsa gaba,
ba waiwaye, ba kome.
Ba a taɓa allura, ba a taɓa gawa.
Harafi ya kauce, rabin maki ya tafi.
Ka faɗi tsoka ba ka faɗi ɓangare ba,
dama ko hagu, wani rabin ya bi shi.
Hamsin ce gada. Ba a ciko.
Kuma ba ma son sunanka. Lamba.

Na bar Aboabo tun assalatu,
kokona bai huce ba na bar wa ƙanena.
A Oforikrom trotro ya tsaya cika ciki,
ni kuwa ina jan ƙasusuwan wuyan hannuna,
takwas, kamar carbin da ya tsinke.

Tebur na ɗaya, zuciya a cikin tasa.
Na tara, ƙoda an tsaga ta kamar goro.
Maganin gawa yana tatsar idanunmu,
mu talatin muna hawaye, ba wanda aka yi wa rashi.
Serwaa tana gabana, alƙalaminta na rawa.
Ƙararrawa. Taku biyu. Ƙararrawa.

Na sha bakwai hannu ne.
Allura mai jar tuta a gindin babban yatsa,
tambaya mai sauƙi, na san ta tun zangon farko.
Sai idona ya zame zuwa farce:
ragowar lalle,
siriri kamar jinjirin wata,
wanda farcen bai samu kwanakin turewa ba.
Lamba ce a ɗaure a wuyan hannunta.
Lamba ce a saman takardata.

Nan Mma Barikisu ta faɗo mini,
shekara arba'in tana wanke matan unguwa
a wankan da ba a cewa an gode.
Ita ma da nata dokokin, ba a manne ba:
Ruwa da ɗumi, kamar tana ji.
Ki rufe abin da ta rufe.
Ki fara da dama.
Abin da kika gani, ki bar shi a ɗakin.

Daƙiƙa arba'in na kashe a kan farcen nan.
Da sauran na zuba sunan tsokar,
dogon Latin, ba harafin da ya kauce,
ina ɗora baki a kan kalmar ƙarshe
ƙararrawa ta ƙwace.

Mako uku, takarda ta hau ƙofar nan dai.
Arba'in da tara da rabi.
Na hau bene wurin Dakta Frimpomaa.
Ta duba, ta cire tabarau, ba ta yi faɗa ba:
Amsarki daidai ce, ta ce,
amma wuƙar da ba ta san dama da hagu ba
lafiyayyar ƙafa take cirewa.
Ki dawo Agusta. Kuɗin sakewa a banki.
Na nemi inda zan kama maganarta, sumul take.

Da daddare Mma tana tsince wake a faranti.
Na ba ta labari, har farcen.
Ba ta tambayi maki ba.
Ta ce, wane hannu ne?
Na ce, hagu.
Ta ce, ashe kin sani.

Ta jefar da tsakuwa ɗaya, ta daɗe shiru.
Sannan, ba ta ɗago ba:
Da kuka gama,
wa ya rufe ta?