Hannun Shirwa

Ruwan daren jiya bai gama tsanewa a filin Gwale ba,
awaki biyu na kiwo kan layin da muka ja da toka,
na ɗaga kai, sai ga Munzali jingine da katanga,
jaka a kafaɗa, takalmin Legas a ƙafa.

Shekara uku.
Ni na kai shi tasha a Sabon Gari, a babur ɗin yayana.
Ya ce, can ana biya, Sagir,
har suna ake rubuta maka a bayan riga.
Ban ce uffan ba.
Na sai masa ruwan leda biyu, na juya kafin mota ta ɗaga.

Ƙwallonmu dai ba irin ta kowa ba ce,
doguwa kamar gwanda, da ɗinki kamar bakin buhun gero.
Yara kan hau katanga su yi ta shewa,
wai ga masu ƙwallon da ta fi ƙarfin ƙafa.
Ni ke jifa, shi ke cafewa,
shi ya sa duk unguwa Shirwa ake kiransa.

Bayan tafiyarsa mutum bakwai na jefa wa.
Wani ta daki ƙirjinsa ta dawo,
wani ya tsaya jiranta kamar mai jiran adaidaita a Kabuga.
Laifina ne, na sani.
Ina aika ta inda Munzali zai kasance,
sai ta iske ba kowa,
ta faɗi, ta yi tsalle-tsallenta na marar alƙibla.

Kwantiragi ya ƙare, in ji shi, ba igiyar kowa a wuyana.
Abuja sun kira. Fatakwal ma sun yi tayi mai tsoka.
Na ce, to me ya kawo ka?
Ya shafa gwiwar hagu, inda likita ya bar masa zane,
ya ce, wannan, da kewar gurasar Jakara.

Koci Tanimu bai tashi daga benci ba.
Ya ce, lamba sha ɗaya tana jikin Huzaifa,
yaron bai taɓa fashin atisaye ba, ba zan tuɓe masa ba.
Akwai talatin da huɗu, hammatarta a yage.
Kuɗin mota ne ladanmu, sai lemo in an ci wasa.
A kan sirdin babur ya sa hannu,
da biron da sai an hura masa baki yake kawowa.

Na tanadi magana, wallahi na tanada,
shekara uku ina wasa ta kamar wuƙar mahauci.
Amma ya riga ya tsaya a layi,
ya taɓa kunnen dama, tsohuwar alamarmu,
wato taku goma, sannan in karya hagu.

Na jefa.
Ta sauka taku guda a gabansa, cikin taɓo.
Yaran katanga suka kwashe da dariya.
Na jefa wa Munzalin da na kai tasha,
wannan kuwa gwiwarsa tana neman a yi mata uzuri.

Ya ɗauko ta, ya goge a sabuwar tsohuwar rigarsa,
ya miƙo mini bai dube ni ba.

Karo na biyu na riƙe ta,
na ja numfashi ɗaya da ban saba ja ba,
sannan na sake ta.
Ta tashi tana juyi kamar mazari,
hannaye biyu suka fito daga iska suka rufe ta,
ƙap, kamar an rufe kwano.

Ladanin masallacin layinmu ya fara gyaran murya.
Koci ya ce, saura ɗaya.
Munzali ya taɓa kunne.